PHP 7.4 da 8.3 a saba ɗaya ta gida: yaya ake zaunar da su tare?

Dan_KofarKaura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana. Akwai tsohuwar laftof mai RAM 4GB da aka mayar saba (wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan yanar gizo) a gida nan Katsina, Ubuntu 24.04 ne a kanta, da Apache mai miƙa shafuka ga burauza da MariaDB mai ajiye bayanai. Manhajoji biyu ake so ta ɗauka. Ta farko tsohuwar manhajar lissafin kayan shago ce, da an ɗora ta a kan PHP 8.3 ɗin da ya zo da Ubuntu sai farin shafi kawai take nunawa. Ta biyu sabuwa ce da aka gina da Laravel 11, ita kuma ba ta karɓar abin da ya gaza 8.2. Shin Apache ɗaya zai iya ba kowacce sigar da take so, ko dole sai an nemo kwamfuta ta biyu?

Injiniya_Gobarau:
Wa alaikumus salam Malam. Ba ka buƙatar kwamfuta ta biyu. Abin da ya ɗaure ka shi ne mod_php, wato PHP ɗin da ke zaune a cikin Apache kansa. Wannan siga ɗaya tak yake ɗauka, kuma yana tilasta maka mpm_prefork mai cin RAM. Mafita ita ce ka fitar da PHP daga cikin Apache, kowace siga ta tsaya da ƙafarta a matsayin PHP-FPM, Apache ya riƙa miƙa mata aiki ta soket ɗinta, wato fayil na musamman da suke magana ta cikinsa.

Ubuntu 24.04 ba ta da 7.4 a rumbunta, sai ka ƙara rumbun Ondřej Surý:

sudo add-apt-repository ppa:ondrej/php
sudo apt update
sudo apt install php7.4-fpm php7.4-mysql php7.4-mbstring php7.4-xml php7.4-curl php7.4-gd php7.4-zip

Ka maimaita layin ƙarshe da 8.3 a madadin 7.4. Sannan:

sudo a2dismod php8.3 mpm_prefork
sudo a2enmod mpm_event proxy_fcgi setenvif rewrite

Yanzu a /run/php/ za ka ga php7.4-fpm.sock da php8.3-fpm.sock. Kowane shafi ka yi masa fayil ɗin VirtualHost nasa a /etc/apache2/sites-available/, a na shagon ka sa wannan a ciki:

<FilesMatch "\.php$">
SetHandler "proxy:unix:/run/php/php7.4-fpm.sock|fcgi://localhost"
</FilesMatch>

Na Laravel haka nan, sai dai soket ɗin 8.3, kuma DocumentRoot ya nufi foldar public, kada ya nufi uwar foldar, in ba haka ba fayil ɗin .env mai kalmomin sirri zai zama a fili. Ka kunna su da a2ensite, ka gwada da apachectl configtest, sai ka ga Syntax OK kafin ka sake tayar da Apache.

Maman_Haidar:
Kafin a kai ga sa 7.4, Malam, ka fara karanta abin da ya jawo farin shafin. Farin shafi kuskure ne mai kashe aiki da aka hana shi fitowa a burauza, amma yana nan a rubuce a /var/log/apache2/error.log. Idan ka ga ana ƙorafin each() ko create_function(), to waɗannan a 8.0 aka cire su, 7.4 za ta yi maka. Idan kuwa mysql_connect() ne, 7.4 ma ba za ta tsinana komai ba, domin tun a 7.0 aka cire wannan. Sai dai 5.6, ko a mayar da rubutun kan mysqli.

Dan_KofarKaura:
Na gode Hajiya. Na duba, Call to undefined function each() ne. Na kuma laluba foldar da grep, babu mysql_connect ko ɗaya, mysqli aka yi amfani da shi.

Kusugu_Dev:
To in each() ce kawai, mi zai hana a gyara rubutun a huta? Duk inda aka rubuta while tare da list da each, foreach ce ke maye gurbinsa. Aikin rabin yini ne. PHP 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun 28 ga Nuwamba 2022. Ɗora sabon aiki bisa sigar da masu ita suka saki ba dabara ba ce.

Maman_Haidar:
@Kusugu_Dev ƙanena, each() ita ce ta fara yin ihu, ba ita kaɗai ke nan ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne canjin da ba ya ihu. A PHP 7, idan aka gwada 0 == "abc" amsar gaskiya ce, a PHP 8 ƙarya ce. Haka 0 == "". Manhajar lissafi da ke duba ko an bar gurbin adadi babu komai ta wannan hanya za ta ci gaba da aiki, amma lissafin ya karkace ba wanda ya sani. Sannan daga 8.1 mysqli ya koma jefa exception a kan duk kuskuren SQL da a da yake haɗiyewa. Gyaran ya kamata a yi, amma a kan kwafi, ana gwada sakamakon da na tsohuwar. A wannan tsakanin shago ba zai rufe ba, shi ya sa ake buƙatar sigogin biyu a tare.

Kusugu_Dev:
Na yarda da batun kwafi. Amma a sa wa 7.4 ɗin wa'adi, kada ta zama ta dindindin.

Baba_Linux_Funtua:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai akwai tarko uku da bai ambata ba, kuma su ne suka fi kama mutane bayan an gama murna.

A cikin /run/php/ akwai wani fayil mai suna php-fpm.sock, ba lamba a jikinsa. Mahaɗi ne kawai da tsarin alternatives ke juyawa zuwa sigar da ta fi sabunta. Wanda ya sa shi a SetHandler, ranar da aka shigar da 8.4 shafinsa zai koma kanta ba sallama. Kullum a rubuta soket mai lamba.

Na biyu, umarnin php na tamina, wato tagar rubuta umarni. Shi ba ruwansa da abin da ka gaya wa Apache. Rubuta php -v za ka ga 8.3 ko da shafin shago yana kan 7.4. Saboda haka duk aikin cron (mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara) na shagon a rubuta /usr/bin/php7.4 cikakke, na Laravel kuma /usr/bin/php8.3 artisan schedule:run. Composer ma haka: php8.3 /usr/local/bin/composer install. Idan ana so a kafe wanda php zalla ke nufi, sudo update-alternatives --set php /usr/bin/php8.3.

Na uku, kada a riƙa shigar da ƙunshi marar lamba kamar php-gd ko php-mysql bayan an ƙara wannan rumbu. Marar lamba yana bin sigar da rumbun ya ɗauka a matsayin ta yau da kullum, sai ka wayi gari da siga ta uku da ba ka nema ba, ga datarka ta tafi. Kuma apt install php8.3 shi kaɗai, idan babu fpm ɗinta a kan injin, zai jawo libapache2-mod-php8.3 ya dawo da abin da ka kora.

Dan_KofarKaura:
Allah ya saka da alheri Baba. Na bi matakan. Laravel ta tashi lafiya. Shafin shago kuma yanzu 500 Internal Server Error yake bayarwa.

Injiniya_Gobarau:
Buɗe .htaccess na shagon. Ina kyautata zaton akwai layukan php_value ko php_flag a ciki. Waɗannan mod_php ne kaɗai ya san su, da ka kashe shi Apache ya daina gane su, a log za ka ga Invalid command 'php_value'. Ka cire su, ka mayar da saitin cikin fayil mai suna .user.ini a foldar shafin, a rubuce irin na php.ini, misali upload_max_filesize = 20M. FPM yana sake karanta .user.ini ne bayan daƙiƙa 300, don haka kada ka ce bai yi ba tun ba a cika minti biyar ba.

Tunda an zo nan, a riƙa bambance lambobin. 500 yawanci saitin Apache ne ko kuskuren rubutun PHP. 503 na nufin Apache bai sami FPM ba: ko bai tashi ba, ko sunan soket ya kuskure, ko izini. Duba da systemctl status php7.4-fpm. Idan kuma shafi ya rubuta File not found, log ya ce Primary script unknown, FPM ya amsa amma bai iya kaiwa ga fayil ɗin ba. Wannan ya fi faruwa ga masu ajiye shafi a /home, domin daga Ubuntu 21.04 foldar gida 750 take zuwa, www-data, mai amfanin da Apache da FPM ke aiki da sunansa, ba ya iya shiga. A ajiye a /var/www ko /srv.

Dan_KofarKaura:
php_value ne kuwa, layi huɗu. Shafin ya buɗe.

Sadauki_Mashi:
Don tabbatarwa ka sa ƙaramin fayil mai phpinfo() a kowane shafi, ka duba siga a sama, ka duba layin Server API ya ce FPM/FastCGI. Da ka gani ka goge shi nan take. Kuma ka tuna kowace siga php.ini biyu gare ta, /etc/php/7.4/fpm/php.ini da /etc/php/7.4/cli/php.ini, ke nan huɗu gare ka yanzu. date.timezone = Africa/Lagos sai ka sa a dukkansu, in ba haka ba rasit zai fito da agogon UTC, awa ɗaya baya da namu.

Yar_Daura_Py:
Malamai, ku ba ni dama in kawo wata hanyar. Me ya sa ba za a sa tsohuwar a kwantenar Docker ba, wato keɓaɓɓen wuri da manhaja ke aiki da kayanta daban da na injin? Hoton php:7.4-fpm yana nan, ba sai an cusa rumbun waje cikin Ubuntu ba, kuma ranar da aka gama da ita a goge kwantena, injin ya koma tsaf. Rumbun Ondřej ba 7.4 kawai yake kawowa ba, 8.3 ɗin Ubuntu ma zai maye ta da tasa a sabuntawa ta gaba.

Baba_Linux_Funtua:
'Yata, hanyarki tana aiki, amma hoton php:7.4 ɗin nan an daina sabunta shi tun da sigar ta ƙare, har Debian ɗin da ke ƙarƙashinsa ya tsufa tare da shi. Kuma ba ya zuwa da mysqli ko gd, sai an gina su da docker-php-ext-install, wato ƙarin saukewa a kan datar waya. Mai son bin wannan hanya ya kiyaye abu guda: Docker yana rubuta dokokinsa na iptables ya tsallake ufw, katangar tsaro ta Ubuntu. Idan ka rubuta -p 9000:9000, ƙofar FPM ta buɗe ga duk wanda ke kan waya-fai ɗin, kuma FastCGI ba ya tambayar kalmar sirri, wanda ya kai gare shi zai iya gudanar da abin da ya ga dama. A rubuta -p 127.0.0.1:9074:9000.

Yar_Daura_Py:
Gaskiya ne Baba batun ufw. Amma ni har yanzu na fi natsuwa da tsohon rubutu yana killace a kwantena fiye da yana yawo a injin a matsayin www-data tare da sabuwar manhaja.

Injiniya_Gobarau:
Wannan damuwar ta Malama tana da tushe, kuma ana magance ta ba tare da Docker ba. Yadda aka girka yanzu, sigogin biyu duk da sunan www-data suke aiki, ke nan wanda ya fasa shafin shago zai karanta .env ɗin Laravel. Sai a raba musu masu amfani.

sudo adduser --system --group --no-create-home shago

Ka kwafi /etc/php/7.4/fpm/pool.d/www.conf zuwa shago.conf, ka canza sunan rukunin da ke saman fayil daga www zuwa shago, sannan:

user = shago
group = shago
listen = /run/php/php7.4-shago.sock
listen.owner = www-data
listen.group = www-data
listen.mode = 0660
php_admin_value[open_basedir] = /var/www/shago:/tmp:/var/lib/php/sessions

Lura da cewa listen.owner yana nan a www-data, domin Apache ne ke ƙwanƙwasa soket ɗin. Wanda ya mayar da shi shago zai sami 503 da Permission denied. Fayilolin shafin su zama mallakar shago, rukuninsu www-data, folda 750, fayil 640, don Apache ya iya karanta hotuna da CSS. Ka yi wa Laravel irin wannan da nata mai amfanin, .env ɗinta 600. Ka cire www.conf na 7.4 tunda ba mai amfani da shi, ka gwada da sudo php-fpm7.4 -t, ka gyara sunan soket a SetHandler. A MariaDB ma kowace manhaja da mai amfaninta, kada a haɗa su a root.

Sadauki_Mashi:
A dawo kan RAM, 4GB ne fa. Saitin da www.conf ke zuwa da shi pm = dynamic ne, max_children 5, ma'aikata (wato kwafin FPM da ke amsa buƙatu) biyu a tsaye kullum. Ga shafin da mutum biyu ko uku ke amfani da shi, pm = ondemand ya fi, da pm.process_idle_timeout = 30s, in ba aiki ma'aikatan su kwanta. A ƙara pm.max_requests = 500 saboda tsohon rubutu mai zubar da RAM. Adadin max_children kuma ba a cankarsa. Auna da ps -C php-fpm7.4 -o rss,cmd lokacin da ake aiki. Idan ma'aikaci ɗaya yana cin 60MB kuma ka ware wa shafin 600MB, goma ke nan. In ya yi kaɗan /var/log/php7.4-fpm.log zai gaya maka server reached max_children setting. In ya yi yawa RAM ta cika, kernel ya kashe wanda ya fi ci, sau da yawa MariaDB ce.

Kowace siga kuma OPcache nata (ma'ajiyar rubutun PHP a cikin RAM) daban, 128MB kowanne a saitin asali. Na shagon 64 ya isa.

Gwanin_Sola_KT:
Ni ta ɓangaren wuta zan shigo, don saba a gida a garin nan wuta ce rabin maganarta. Laftof tana da fa'ida, batirinta shi ne UPS ɗinta, amma rauta ba ta da shi, in an ɗauke wuta saba tana kunne ba mai iya kaiwa gare ta. Yawancin rautoci 12V suke ci, ƙaramin UPS na DC ya ishe su, ko a ɗora su kan layin inbata. A duba batirin laftof lokaci-lokaci, wanda ke jone dare da rana cikin zafin Afrilu da Mayu yakan kumbura, alamar ita ce wurin linzamin yatsa ya fara tasowa. In BIOS ɗin yana da iyakance caji zuwa kashi 80, a kunna. Da hunturu kuma ƙura ke toshe fanka, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa busa ta.

Don kada ta yi barci in an rufe murfi: a /etc/systemd/logind.conf a sa HandleLidSwitch=ignore.

Maman_Haidar:
Ƙari a kan maganar wuta: tsofaffin manhajoji da yawa teburansu MyISAM ne, shi kuwa ba ya jure mutuwar wuta a tsakiyar rubutu, sai ka ga is marked as crashed. A duba da SHOW TABLE STATUS, a ɗauki mysqldump, sannan a mayar da su da ALTER TABLE suna ENGINE=InnoDB. Kuma Malam ka yi sa'a MariaDB ce. Da MySQL 8 ce da tsohuwar PHP irin 5.6, da ka haɗu da matsalar caching_sha2_password wajen shiga.

Dan_KofarKaura:
Madalla. Saura abu ɗaya. Na sa shago.test da sabo.test a fayil ɗin hosts na kwamfutata suna buɗewa, amma wayoyin yaran shago ba sa ganinsu. Kuma ana so a riƙa duba Laravel ɗin daga waje, ko mutum yana Daura ko Dutsin-Ma.

Kusugu_Dev:
Waya ba ta barin a taɓa hosts. Hanya mai sauƙi, raba su da ƙofa. Ƙara Listen 8081 a /etc/apache2/ports.conf, VirtualHost na shago ya zama *:8081, yara su rubuta adireshin laftof ɗin da :8081 a ƙarshe. A shafin rauta ka ɗaure wa laftof adireshi guda ta DHCP, kada ya canza bayan ɗaukewar wuta. In ufw na kunne, sudo ufw allow from 192.168.0.0/24 to any port 8081, ka daidaita lambobin da na rautarka.

Daga waje kuwa, duba adireshin WAN a shafin rauta. In ya fara da 10, ko shina tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan CGNAT, wato kamfanin layin ya haɗa ka da wasu a adireshi ɗaya, wanda shi ne abin da aka fi samu a layukan waya. A nan buɗe ƙofa a rauta ba ya amfani, DDNS ma haka, don adireshin ba naka ne kai kaɗai ba. Sai rami (tunnel) mai fita daga ciki: Tailscale in mutane ƙalilan ne sanannu, Cloudflare Tunnel in kana da sunan yanki kuma kowa za ya shiga, ko WireGuard zuwa ƙaramar VPS.

Baba_Linux_Funtua:
Kuma ramin Laravel kaɗai zai nufa. Shafin 7.4 kada ya leƙa intanet ko da wasa. A Directory ɗinsa a sa Require ip 192.168.0.0/24. Kada a sa Require local, domin cloudflared, manhajar Cloudflare Tunnel, a kan injin yake zaune, duk baƙon da ya shigo ta ramin, Apache zai gan shi a matsayin 127.0.0.1, ya buɗe masa.

Yar_Daura_Py:
Tunda taken tattaunawar ya shafi sigogi da yawa, wanda zai ƙara Python a wannan saba kada ya kwaikwayi update-alternatives ɗin da aka yi wa php. Kayan aikin Ubuntu da yawa, har da add-apt-repository, a kan python3 na tsarin suke, 3.12 a 24.04, in ka juya shi sun lalace. A shigar da wata sigar a gefe ta rumbun deadsnakes ko pyenv, a yi python3.10 -m venv a foldar manhajar, gunicorn na cikin venv ɗin ya saurara a 127.0.0.1:8001, Apache ya miƙa masa da ProxyPass bayan a2enmod proxy_http. mod_wsgi irin matsalar mod_php gare shi, da siga ɗaya aka gina shi.

Dan_KofarKaura:
Na raba masu amfani kamar yadda Injiniya ya ce. Komai na tafiya, sai dai Laravel ta fara ƙorafin ba ta iya rubutu a storage/logs/laravel.log, kuma ba kullum ba, wani lokaci ta yi wani lokaci ta ƙi.

Sadauki_Mashi:
Yi ls -l a storage/logs ka ga mai fayil ɗin. In root ne ko sunanka, cron ɗin ne ko artisan da ka gudanar da sudo ya riga FPM ƙirƙirarsa.

Injiniya_Gobarau:
Abin da Sadauki ya faɗa ne. Mayar da storage da bootstrap/cache ga mai amfanin rukunin Laravel da chown -R, kada ka bi masu cewa a sa 777. Cire layin daga crontab na root, ka sa shi da sudo crontab -u sunan mai amfanin -e. Duk umarnin artisan daga yanzu da sudo -u za ka gudanar da shi, da php8.3 cikakke. Idan akwai queue:work a systemd, duba layin User= nasa shi ma, sannan ka turo mana abin da ls -l ya nuna.